Darar haruffa daga gindin murhu

Ranar Alhamis ajina rabuwa yake yi biyu. Rabi suna makaranta, rabi sun bi iyaye ko yayye kasuwar Maigatari, wani janye da akuya, wata da farantin dafaffiyar gyaɗa a ka. Duk wanda ya yi koyarwa a ƙauyukan da ke tsakanin Gumel da bakin iyaka ya san haka. Faɗa ba ya hanawa, bulala ma ba ta hanawa, tunda ba yaran ne suka aiki kansu ba. Abin da na ga yana hannuna shi ne in sa ranar ta yi wa waɗanda suka zo daɗi, yadda wanda bai zo ba in ya ji labari ranar Juma'a zai ciji yatsa. Da haka na fara zana musu wasan nan na cike gurbi da ake gani a shafukan baya na jaridun Turanci: fili ne mai kusurwa huɗu da aka yanka ƙananan gidaje, wasu farare wasu baƙaƙe, kalmomi suna tafiya a kwance da a tsaye suna gitta juna, kowace kalma da tambayar da za ta kai ka gare ta, kowane gida kuma harafi ɗaya. Yaran ne suka raɗa masa suna darar haruffa saboda gidajen, sunan kuwa ya bi shi har cikin gari.

Wasan ba wani tsoho ba ne. Wani ma'aikacin jarida haifaffen Libaful ta Ingila, Arthur Wynne, shi ya fara buga shi a jaridar New York World ta Amurka ranar 21 ga Disamba, 1913. A 1924 aka tattara irinsa aka yi littafi guda, jaridar Times ta Landan ta ɗauka a 1930, ita kuwa New York Times ta daɗe tana yi masa kallon shiririta, sai a 1942 ta sallama. Ke nan akwai tsofaffin da muka taso muka tarar waɗanda suka girme shi. Kacici-kacici kuwa ya girme shi nesa ba kusa ba, kuma duk wanda ya taɓa zama gaban tsohuwa da dare ta ce masa "ƙulun ƙulufit" ya amsa da "gauta", to ya riga ya san rabin wasan. Sauran rabin ƙirga gidaje ne.

Ni a Kwalejin Ilimi ta Gumel na fara riƙe shi a hannu. Malaminmu na Turanci yakan yanko shi daga jarida ya raba mana mu gwada. Akwai tambayar da har yau ban manta ba: ɗan ƙaramin ɗaki manne da kicin inda ake wanke tukwane da kwanuka, haruffa takwas. Ajin ya yi tsit. Da malam ya warware mana sai ya ba mu labarin manyan gidajen Ingila na zamanin Sarauniya Biktoriya, wadda ta yi mulki daga 1837 zuwa 1901. Ɗakin girki daban, ɗakin ajiye burodi da busasshen abinci daban, wani mai sanyi na nama daban, sannan wancan na wanke-wanke, inda ƙaramar 'yar aikin gidan ke wuni hannunta a ruwa. Ita ce ta ƙasa a jerin ma'aikatan gidan, tana cikin masu riga kowa tashi, albashinta kuma bai kai na kowa ba. Tambayar ba ta da laifi, an rubuta ta ne don mutanen da kakanninsu suka shiga irin ɗakin. Abin da na fahimta ranar shi ne mai tsara wasan nan daga cikin gidansu yake ɗebo kalmomi, mai warwarewa kuma kaifin ƙwaƙwalwa kaɗai ba ya isarsa sai ya haɗa da abin da ya taɓa gani, ya taɓa riƙewa. To in zan tsara wa 'yan aji biyar da shida na ƙauyenmu, ai daga tsakar gidansu zan ɗebo.

Na farkon da na zana, tsofaffi ne suka rubuta mini tambayoyinsa tun ba a haife ni ba. "Uku-uku gama gari", gida biyar: murhu. "Shanuna dubu maɗaurinsu ɗaya": tsintsiya. "Baba na ɗaka gemu na waje": hayaƙi. Kakata tana da wasu biyu da take jerawa tare, "'yan matan gidanmu kullum wanka", wato moɗa, da "'yan matan gidanmu masu farin baki", wato taɓarya, saboda garin da ke manne a bakinta bayan daka. Sai da na zauna jera su na lura da yawan kacici-kacicin da amsarsu ke gindin murhu ko bakin turmi. Ba abin mamaki ba ne, mata ne masu yin sa, abin da idonsu ke kai suke ɗaurewa su miƙa wa yaro ya kwance. Amma waɗannan yara sun haddace su, kafin in rufe baki sun amsa. Amfaninsu ɗaya: wanda ya san amsar tsintsiya ce, yanzu dole ya fito gaban allo ya raba ta harafi-harafi, a nan ake ganin wanda ya iya rubutu da wanda bakinsa ne kawai ya iya. Don su yi tunani kuwa, sai na koma ƙirƙirar nawa.

A nan aikin yake, a nan kuma daɗin yake. Tambaya mai kyau a wurina sai ta cika sharaɗi uku: ta zama gaskiya, ta nuna abu ɗaya tak, kuma ta fito daga yadda ake aiki da abin. In na rubuta "abin zuba ruwa" na cuci yaro, don randa da tulu da buta da jarka da bokiti duk sun shiga. Amma in na ce "ba ta taɓa zuwa rijiya ba, ba ta kuma rabo da ruwa", duk yarinyar da ta taɓa juye tulu a ƙuryar ɗakin uwarta ta san randa ce. Tulu kuwa "shi ke zuwa rijiya, wata ta sha a zaune". Akan yi dace kalmomin tsaye su ba yaro a, n, d, a, gidan farko ne kawai babu komai. Randa za ta shiga, tanda ma za ta shiga, sai tambaya ta raba gardama: "gida-gida ce, kowane gida da wainarsa". Muciya na ce mata "kullum tana kokawa da tuwo, ba ta taɓa kai loma ba". Maburgi "a tafin hannu biyu yake rawa, ƙafarsa cikin miyar kuka". Wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malama, a gidanmu maburkaki muke cewa." Na ce gaskiyarka, ƙirga gidajen. Bakwai ne, nasa tara, sai ya ga da kansa wanda zai zauna. Haka muke yi da ludayi da luddai, in gidajen sun zo ɗaya sai harafin da aka gitta ya yanke hukunci. Ba na ce wa yaro abin da uwarsa ke faɗa kuskure ne.

Masu tsara wasan a Ingila suna son tambayar da ke da fuska biyu, amsa ɗaya ma'ana biyu. Muna da irinta a madafa. "Tana ƙasan cibiya, tana kuma bakin tukunya lokacin kwasar tuwo": mara. "Gari na bi ta cikinta, ruwan wanke-wanke ma na bi ta cikinta": rariya, ta tankaɗe da ta gindin katanga. Irin waɗannan nakan ajiye su ƙarshe, don su ne ke sa ajin ya kaure da gardama.

Zana gidajen wani aiki ne daban, kuma a nan Hausa ke nuna halinta. A jaridun Amurka ƙa'ida ce kowane harafi ya kasance cikin kalma biyu, ta kwance da ta tsaye, kada kalma ta gaza haruffa uku, in kuma ka juya takardar sama ta koma ƙasa baƙaƙen gidajen su faɗa daidai inda suke. Na ranakun mako gida 15 ne a kwance, 15 a tsaye. Na Ingila kusan rabin haruffan ne kawai ke haɗuwa da wata kalma. Tsarin Ingila na bi, na rage shi zuwa bakwai-bakwai ko tara-tara yadda allonmu zai ɗauka, batun juya takarda kuwa ban ɗora wa kaina ba. Wahalar ita ce yawancin kalmomin Hausa da baƙi suke farawa, da wasali suke ƙarewa. Sai gefen hagu na zanen ya cika da haruffan baƙi, na dama ya zama wasula zalla, ka rasa kalmar da za ta sauko ta ɗinke su. Shi ya sa kalmar da ke farawa da wasali take da daraja a wurina. Ɗauki itace. In na sa turmi a layin sama, sai itace ya rataya daga harafinsa na ƙarshe ya sauko, randa ta zo ta ƙare a tsakiyarsa a layi na uku, zaure ya ƙare a harafinsa na ƙarshe a layi na biyar. Daren da wannan ya faɗa mini daidai ina kan tabarma da fitilar sola bayan isha'i, sai da na kira maigida ya zo ya gani.

Sai batun sh da ts, gida ɗaya za su ci ko biyu? Tun aji ɗaya muka koya wa yaran nan cewa kowannensu harafi ne mai zaman kansa, ban ga dalilin raba su a aji shida ba. Gida ɗaya nake ba su, haka ma 'y. Da wannan akushi ya zama gida biyar, ya sauko ta gefen dama ya ɗinke tanda da murhu da turmi. Yaran da suka fara karatu a tsallaken iyaka, a Nijar, sukan rubuta ƴ maimakon 'y, ina karɓa, gida ɗaya ne ko ta yaya aka rubuta. Abin da ba na karɓa shi ne a yar da ƙugiyar ɓ da ɗ da ƙ. Tun shekarun 1930 aka tsayar da su a rubutun boko, abin da aka riƙa bugawa a Zariya irin su jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a 1939 ya yaɗa su, yanzu kuma wayar hannu na neman cinye su, yara suna ganin yayyensu na rubutu ba ƙugiya suna kwaikwayo. In moɗa ta gitta banɗaki a kan ɗ, wanda ya rubuta d ya ɓata kalma biyu da harafi ɗaya, 'yan ajin kuma su ne za su fara yi masa ihu kafin ni.

Mafi yawan tambayoyina masu armashi a bakin rariyar gidanmu na samo su. Ranar Asabar da safe nakan zauna da littafi ina kallon 'yar riƙon surukata tana wanke-wanke, Inna, wato surukar tawa, kuma na kan tabarma da carbi tana sa ido. Ni ma na yi aikin nan tun ina ƙarama, ina yi har gobe, amma wanda hannunsa ke cikin ruwa ba ya ganin tsarin abin kamar wanda ya koma gefe. Baho biyu ne, na kumfa da na ɗauraya. Kofuna da moɗa da cokula ake fara sawa tun ruwan na da tsabta, sai kwanukan tuwo, sai na miya masu maiƙo, tukwane su zo ƙarshe. Tukunyar tuwo tun dare aka kankare ƙanzonta mai kyau aka shanya, na kwaɗo ne da ƙuli-ƙuli. Abin da ya rage aka zuba masa ruwa ya kwana, da safe ya saki, a juye wa awaki. Soso uku ne kuma ba a haɗa su: na danga, wanda ke yaɗo ya bushe a ɓare shi, na kayan sha ne, yankin buhu na kwanuka, na ƙarfe na cikin tukunya. Bayan tukunya kuwa toka ce da ɗan yashi, a dangwala da jiƙaƙƙen tsumma a dirje har alminiyon ya fito. Inna ba ta yarda a ɗora tukunya a wutar itace ba a shafe gindinta da kwaɓaɓɓiyar toka ba, don baƙin ya zauna a kan shafen, gobe a wanke ba sai an karya hannu ba.

Ruwa ma da lissafinsa, tunda daga famfon tuƙa-tuƙa na bakin masallaci ake ɗauko shi a ka. Ruwan ɗauraya ba a zubarwa, shi za a zuba wa omo a wanke tukwane, na ƙarshe a kai gindin zogale. Ƙasarin da aka wanke surfe da shi rabon tumaki ne. Wata safiya yarinyar ta miƙa hannu za ta tsoma ƙwaryar fura a bahon kumfa, Inna ta dakatar da ita, ta juyo ta ce mini, "Malama, in rubutu kike yi rubuta wannan. Ƙwarya ba ta son omo, tana shan ƙamshinsa ta zuba wa fura. Ruwa mai kyau da sosonta, a kife ta a rana." Na ce, "To Inna, akushi fa?" Ta ce shi kuma ba a barinsa ya kwana a ruwa, tsagewa yake yi, in ya bushe a shafa masa ɗan mai. Alhamis ɗin da ta biyo baya na rubuta a allo: "ba ta shiri da omo, rana ke ƙarasa mata wanka", gida shida. Na rubuta kuma "ladan mai kankare tukunya", gida biyar. 'Yan matan ajin ba su ko ɗaga kai sun yi tunani ba. Mazan suka yi ta kallon juna.

Tunda na taɓo rariya bari in faɗi abin da ke damuna. Gidaje da yawa ruwan wanke-wanke na fita ne ya kwanta a lungu, ya yi baƙi, sauro ya samu wurin zama, ƙananan yara kuma nan suke wasa. Rami ɗan madaidaici a bayan katanga da aka cika da duwatsu da fasassun bulo yana shanye shi, ba ya cin kuɗi. Haka kife kwanuka a ƙasa inda kaji ke bi. 'Yan sanduna huɗu da kara sun isa a yi musu gado. Nakan saƙa irin wannan cikin tambayoyi, don abin da yaro ya sha wuya kafin ya gano ya fi zama masa a kai.

Ƙananan ɗakunan gida su ma sun ba ni kalmomi, ko da yake namu ba duka ke da rufi ba. Madafa a yawancin gidajen ƙauyenmu 'yar rumfa ce mai rabin katanga, rufin kwano ko na kara da hayaƙi ya rina, ba a cika shigarta ba sai da damina ko in iskar hunturu ta hana wuta kamawa. Sauran shekara a fili ake girki. Don haka na ce mata "sai ruwa ya sauko ake tunawa da ita, rufinta ya fi na kowa baƙi". Zaure "iyakar baƙo namiji". Rumbu "ɗaki ne ba na kwana ba, ta ka ake shigarsa". Sito bai ba kowa wuya ba. Akurki na so shi ƙwarai don da wasali ya fara: "mafi ƙanƙantar ɗaki a gida, masu shi da magariba suke shiga". Shigifa ce ta gagari ajin gaba ɗaya, don ginin bulo na yanzu daga ƙofa sai tsakar gida. Ban faɗa musu ba, na ce su je su tambayo. Washegari wasu suka dawo da labarin tsohon gidan mai unguwa, inda in ka wuce zaure sai ka ratsa wani ɗaki kafin ka ga mata, har an shiga da su sun gani. Wanda na fi jin nauyin tsarawa shi ne na wurin da ba a ambata a gaban manya. Sunayensa ma da yawa, bayi gida huɗu, banɗaki bakwai, makewayi takwas. Da na rubuta "da buta ake zuwa, da ƙafar hagu ake shiga", aka yi 'yar dariya ƙasa-ƙasa, aka cike gidajen, ba wanda ya ji kunya, wani ma ya karanto addu'ar shiga ba a tambaye shi ba.

Akwai wata yarinya a bencin baya da kullum sai an gama taron safe take shigowa, gefen zanenta a jiƙe, fatar yatsunta ta yi fari ta tattare saboda daɗewa a ruwa. Ita ce babbar mace a ɗakinsu, wanke-wanken gida mai mutum da yawa a kanta yake kafin ta ɗauki jaka. An saba sa ta cikin marasa ƙoƙari, karatunta kuwa da gaske yana da rauni, darasin farko na kowace rana ba da ita ake yi ba. Ranar da na rubuta "tukunya ce mai huji a gindi, ba a kuma yar da ita, tururi ke yi mata aiki", gida tara, ajin ya yi shiru, sai na ji murya daga baya can ƙasa: "Malama, madambaci." Na ce ta fito ta rubuta. Ta tsaya da alli a hannu, ta sa ma, ta sa da, ta kai gida na biyar ta ga akwai m zaune a ciki, na murhu da ya fara daga nan ya sauka ƙasa. Ita n ta yi niyyar sawa. Ta juyo ta dube ni, na ce ta faɗi kalmar a hankali ta ji inda leɓɓanta ke haɗuwa. Ta faɗa, ta ji, ta ƙarasa. Ƙa'idar nan ta m kafin b na sha koyar da ita da rumbu da tambaya da dambu, amma ranar ce ta shiga kanta, don kalmar tata ce, a hannunta ta taso. Tun daga nan ita ke fara neman alli ranar Alhamis, kuma ta fara tsayawa bayan tashi tana tambayata yadda ake rubuta wasu kalmomin da take so ta gwada ƙawayenta da su.

Kada a ɗauka ina cewa wanke-wanken safe alheri ne ga karatun 'ya mace. Ilimin da ke cikin aikin ilimi ne na gaske, ina girmama shi, amma awa ɗaya da yarinya ke rasawa kowace safiya babu wasan allon da zai biya ta. Duk inda na haɗu da iyaye mata, gidan suna ko gidan biki, roƙona ɗaya ne: a mayar da wanke-wanke yamma, ko a raba shi. Wasu sukan ce, "Malama, to wa zai yi?" Nakan ce ga yayyenta maza nan zaune a dakali. Da mazan ajin suka fara ƙorafin wai tambayoyin na mata ne, ban canja ba. Na tuna musu cewa da aka tambayi Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, abin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake yi a gida, cewa ta yi yana taya iyalinsa aiki, in lokacin salla ya yi ya fita. Hadisin yana cikin Buhari. Na ce wanda ke son ya ci dara ya shiga madafa ya tambayi uwarsa sunan kowane abu. Wasu sun shiga. Wata uwa ta tare ni a hanyar famfo tana dariya, ta ce ɗanta ya ishe ta da tambaya, har ya riƙe mata muciya. Na yi musu alkawarin na gona da na kasuwar dabbobi in an shiga sabon zango, a nan su ma za su baje kolinsu, matan kuma su je su tambayo iyayensu maza.

Yanzu ba ni kaɗai ke tsara tambayoyi ba. Nakan ba kowane benci kalma a asirce su ɗaure ta, sauran ajin su kwance. Da yawa suna fitowa a miƙe, irin "abin da ake daka da shi", sai mu zauna mu gyara tare, in tambaye su me ya raba shi da ɗan'uwansa, wa ke riƙe shi, yaushe ake nemansa. Wasu kuwa ba sa bukatar gyara. Bencin yarinyar nan ta baya na ba su kalma mai gida huɗu, suka haɗa kai suna raɗa, ita ce ta miƙe ta karanto: "Wuta ce ta haife ta, ita kuma ke goge ɓarnar uwarta." Wani ya ce gawayi, aka ƙirga, shida ne, kuma gawayi ƙara baƙi yake yi. Wani ya ce hayaƙi, aka ce shi ne ma mai ɓarnar. Aka ce soso, ta ce soso a danga aka haife shi. Sai da na ce kowa ya tuna bayan tukunyar gidansu da safe, sannan aji ya ɗauka gaba ɗaya: toka. Na rubuta tambayar a littafina da sunanta a gefe. Ita ce lamba ɗaya a kwance a wanda nake shirin kaiwa Gumel a buga mana a takarda mu raba wa makarantun da ke kusa, tukunya kuma za ta sauko a tsaye daga harafinta na farko.